Wasalin da Ban Sa Ba

Tun ina ɓare ƙwayoyin maganin daga katinsu Asama'u ta gargaɗe ni. Tana zaune a bakin gado tana naɗe mayafai, ta ɗago kai ta ce, "Malam, wannan hali naka na 'yan kago wata rana sai ya jawo mana abin da ba mu shirya ba. Magani ma sai an rage masa nauyi?"

Na yi dariya na ce mata kilo ashirin da uku aka ba kowa a jirgi, ba ashirin da huɗu ba. Da na saurare ta a ranar, da abin da ya faru yau Alhamis bai faru ba.

Shekarata goma sha shida ina ɗaurin kaya a wani siton kago, inda ake tura kaya ƙasashen waje, a unguwar Al Quoz cikin Dubai. Ɗan kasuwa zai kawo takalma cikin kwalaye, in fitar da su in jefar da kwalayen, in matse su a buhu, in naɗe da salatif, in ɗora a sikeli. Hannuna ya saba. Ko biskit aka ba ni sai in ga kwalin ya yi yawa.

Tafiyar saboda Kamila ce, 'yarmu. Sunan mahaifiyata gare ta, shi ya sa nake ce mata Uwata. Ta samu gurbin karatu kyauta a ƙasar Hangari, ta yi shekara biyar a can, bana ta gama. Ta ce mu zo mu ga an ba ta takardar shaida, daga nan ta yi hayar mota ta zagaya da mu kwana huɗu. "Ba manyan birane ba, Baba," in ji ta. "Kun ƙoshi da dogayen gine-gine a Dubai. Ƙananan garuruwa zan kai ku, ku ga ciyawa."

Ni ina da ciwon suga, Asama'u kuma hawan jini. Kowa ƙwaya ɗaya da safe, farare ƙanana, sai dai tawa akwai tsaga a tsakiyarta. Na zuba na wata guda a ƙananan ledoji biyu, na ɗauko alƙalamin maka mai kaurin baki. Boko a aji huɗu na tsaya, amma na yi allo sosai, don haka duk rubutun da zan yi wa kaina da ajami nake yi. A kan ledata na rubuta nawa. A kan tata na rubuta naki. Kamar yadda nake yi a buhunan sito, ban tsaya sa wasali ba.

Kwana biyu kafin tafiya fasfo ɗinmu suka dawo. Nata da biza, nawa babu. Asama'u ta ce ta fasa, ba za ta shiga ƙasar Turawa ita kaɗai ba. Na ce ai ba ita kaɗai ba ce, 'yarta na jiran ta a filin jirgi, kuma ba zai yiwu a kira sunan yarinya a gaban jama'a ta duba ba ta ga kowa nata ba. Ina wurin aiki ta buɗe akwatin ta fitar da rigunana da hulata da leda ɗaya, ta sa a durowa. Ranar Asabar na raka ta filin jirgi, na dawo ɗakinmu a Hor Al Anz na tarar da shi ya yi mini faɗi.

Kamila ta yi wani abu a wayata wanda ke nuna mini inda take a taswira, ɗigo shuɗi da ke tafiya in tana tafiya. Daga ranar Talata da suka ɗauki hanya, idona bai bar ɗigon nan ba. Na jingina wayar a jikin sikeli ina ɗauri ina leƙe.

Oumarou abokin aikina ne, mutumin Damagaram, sa'ana, shi ke rubuta takardun kaya saboda ya yi lakwal, wato bokon Nijar, ya iya Faransanci da ɗan Turanci. Duk safiya sai ya tsokane ni.

"Malam Ɗalhatu, ɗigon nan naka ya karya kuwa yau?"

"Ka kula da aikinka."

"Ku Kanawa ko matarku ta je Turai sai kun bi ta da awo. Ka ɗora ta a sikeli in ta dawo, ka ga ko ta ragu."

Garin farko sunansa Koszeg. Sun turo hoto, Asama'u tsaye a wani fili mai daɓen duwatsu, gidaje masu launin ruwan ƙwai a bayanta, ta riƙe jakarta da hannu biyu kamar za a ƙwace. Ta ce garin shiru kamar an yi rasuwa, tsofaffi kawai ke zaune a benci suna kallon ta, amma kowa ta gaisar sai ya amsa. Ranar Laraba suka tsallaka Sloveniya, suka tsaya a wani gari da aka rubuta Ptuj. Na tambayi Kamila yadda ake faɗinsa, ta faɗa, na ce wannan ai tofar da yawu ne ba suna ba. Na ji Asama'u tana dariya a gefe.

A garin ne ta fara jin wani abu. Wajen hantsi suna hawa matakalar wata tsohuwar ganuwa, sai hannunta ya kama rawa, gumi ya rufe ta, ta zauna a kan dutse. Kamila ta shiga wani shago ta sayo mata burodi mai zaƙi da shayi, tana ci ta warware. Suka ce iskar wurin ce ba ta saba ba. Ni da nake da ciwon suga shekara tara, na san wannan rawar hannun kamar yadda na san sunana, amma ban kawo komai a raina ba. Asama'u ba ta da suga. Abin da na yi kawai shi ne kira. Na kira in ji ko ta sha ruwa. Na kira in ce kada su hau wani dutse kuma. Na kira da na ga ɗigon ya tsaya, ashe mai suke sha. Kamila ta ƙirga, sau goma sha ɗaya kafin la'asar.

"Baba, don Allah," ta ce. Muryarta a hankali take, amma na san ta gaji. "Ina tuƙi a hanyar da ban sani ba. Duk ƙarar wayar nan sai gabana ya faɗi. Gobe hanyar dutse za mu bi, lanƙwasa hamsin gare ta, kowace kwana an sa mata lamba. Zan sa wayar a shiru in jefa ta jaka. In mun sauka ni zan kira ka."

"Uwata, in wani abu ya taso fa?"

"Me zai taso, Baba? Ga Umma."

Asama'u ta karɓi wayar Kamila. Wayarta layin Dubai ne, ba ta aiki sai a masauki. Ta ce sun sauka a gidan wata mata a ƙauyen da ke gindin dutsen, akwai furanni a kowace taga, an ba su bargo a watan Yuni. Sannan ta ce gobe Alhamis za ta ɗauki azuminta.

"Ke matafiya ce," na ce. "Kuma a can rana ba ta faɗuwa sai kusan tara."

"Malam, zaune nake a mota kamar sarauniya, yarinyar nan na ja na. Wace wahala? Allah Ya nuna mini ranar da ta gama karatu, ba zan gode Masa ba? Zan yi sahur in sha maganina, shi ke nan. Kai dai ka ci abinci, ka bar wayar nan ta huta."

Da safen nan na buɗe durowa na ɗauki ledar na jefa a aljihu, domin tsohon katin maganina jiya ya ƙare. A sito nake shan magani, bayan shayin ƙarfe tara da rabi. Na zauna a kan wani buhu, na zazzago ƙwaya ɗaya a tafin hannuna, har na kai ta bakina. Sai babban yatsana ya shafa ta. Sumul take, babu tsaga.

Na juya ledar. Nun, alif, kaf. Rubutuna ne. Na rubuta naki, amma kaf ɗin tsirara yake, babu wasali a ƙasa babu a bisa. Wanda ya ga dama ya karanta naki, wanda ya ga dama ya karanta naka. Na ga Asama'u a raina, tsaye gaban akwati da leda biyu a hannu. Ta duba ɗaya ta ga an rubuta nawa, ta ce to, wannan nawa ne. Ta duba ɗayar ta karanta naka, ta ajiye wa mijinta a durowa. Ba ta yi kuskure ba ko kaɗan. Abin da na rubuta ta karanta.

Kwana nawa tana shan maganin suga, ita da ba ta da suga. Kwana nawa ba ta sha na hawan jininta ba. Yau kuma ta sha shi tun asuba, ta rufe bakinta sai faɗuwar rana.

Ban san na miƙe ba sai da na ji kofin shayin ya fashe a ƙasa. Na kira Kamila. Tana ta ƙara ba a ɗauka ba. Na sake kira. Na kira Asama'u, a kashe. Na danna saƙon murya na ce, "Uwata, ki tsayar da motar, ki ba Umma zaƙi yanzu yanzu, maganina take sha." Saƙon ya tafi ya tsaya da alama ɗaya.

Oumarou ya fito daga ofis da biro a bayan kunne. "Yau kuma ɗigon ya yi tari ne?"

Na miƙa masa ledar. Bakina ya kasa haɗa maganar sai a karo na biyu. Da ya gane, ya cire biron ya ajiye a kan sikeli.

"Bon," ya ce. "Zauna."

"Ba zan zauna ba."

"To tsaya, amma ka daina danna wayar, ka ba ni. Ina suka kwana?"

Na nuna masa hoton da suka turo jiya, Asama'u a ƙofar gidan, furanni ja a saman kanta. Ya ja hoton da yatsu biyu ya girma. A gefen ƙofar akwai allo na katako, da sunan gidan da lambar waya a ƙasa. Ya kwafe a bayan hannunsa, ya kira da tasa wayar.

Wata mata ta ɗauka. Ya yi mata Faransanci, ba ta ji. Ya koma Turanci, yana yi yana nuni da hannu kamar tana ganinsa. Ni dai ina jin yana maimaita mama, mama, Afrika. Ya saurara, ya ce na gode, ya kashe.

"Sun fita minti ashirin da suka wuce. Ta ce 'yar ta karya, tsohuwar ta ƙi cin komai."

"Ba tsohuwa ba ce."

"Haka ta ce. Ta ce abin ya dame ta, baƙuwa ta bar gidanta ba ta ci ba, sai ta naɗe musu burodi da ƙananan robobin zuma guda uku ta sa a leda ta ba yarinyar. Ka ji? Akwai zuma a motar."

Akwai zuma a motar, kuma ba wanda ya san amfaninta sai ni, da ke tsaye a Al Quoz cikin zafi.

Muka sa wayar a kan sikeli muka tsaya a kanta. Ɗigon ya riga ya bar ƙauyen ya shiga koren daji. Hanyar a taswira ta nannaɗe kamar igiyar da aka jefar a ƙasa. Ɗigon ya tafi dama, ya juyo hagu, ya sake dama. Wani lokaci ya daskare, sai ya yi tsalle ya bayyana a gaba. Ina kira duk bayan minti biyu. Na san wayar na cikin jaka a kujerar baya tana haske ita kaɗai. Na san kuma ni na sa aka jefa ta can. Da jiya sau biyu na kira, da yanzu tana gaban motar.

Wata babbar mota ta shigo da kaya, direban yana ta danna ham yana cewa yalla, yalla. Oumarou ya ɗaga masa hannu ya ce shwaiya, wato ya ɗan dakata, bai ko waiwaya ba.

Ƙarfe goma da minti arba'in ɗigon ya tsaya.

Babu gari a wurin. Babu gidan mai, babu komai, kore kawai da lanƙwasar hanya. Oumarou ya ce wataƙila hoto suke ɗauka, Turawa suna yin wurin tsayawa a irin waɗannan duwatsu. Na ce eh. Minti biyar. Ya ce wataƙila sabis ne babu. Na ce eh. Minti goma. Na karanta duk addu'ar da ta zo bakina, wata ma ta shiga masallaci ce, ban fasa ba. Na zauna a ƙasan siminti na jingina da buhun wani ɗan kasuwa.

Sha ɗaya da minti huɗu wayar ta yi ƙara.

"Baba!" Ban taɓa jin muryar Kamila haka ba tun tana ƙarama. "Baba, Umma ce. Tana ta gumi, maganarta ba ta fita daidai, ba ta gane ni sosai. Ina jin jininta ne ya hau. Wani mai babur ya tsaya ya kira motar asibiti, sun ce minti ashirin da biyar, muna kwana ta goma sha bakwai. Baba, me zan yi?"

"Uwata, saurare ni. Suga ne. Sugarta ce ta faɗi. Maganina take sha tun da ta zo, nata yana hannuna."

"Maganinka? Ta yaya?"

"Ni na yi. Ki bar wannan. Matar gidan ta ba ki leda da zuma a ciki, tana ina?"

Na ji ƙarar ƙofar mota, sai ƙarar leda. Ba ta tambaye ni yadda na sani ba.

"Ga ta."

"Tana iya haɗiyar yawu?"

"Tana iyawa. Idonta a buɗe."

"Ki ɗaga kanta ki ba ta."

Na ji tana cewa Umma, buɗe baki, Umma, don Allah. Sai ta dawo. "Ta ƙi, Baba. Ta datse haƙora. Tana cewa azumi take."

"Sa wayar a kunnenta."

Numfashinta na fara ji, da sauri da sauri.

"Asama'u. Ni ne."

"Malam," ta ce, harshenta ya yi nauyi. "Ka rufe tagar nan. Kaji za su shigo."

Babu kaji a Hor Al Anz. A gidanmu na Bichi muke da kaji, shekara ashirin da suka wuce.

"Zan rufe. Ki buɗe baki ki sha abin da yarinyar nan ke ba ki. Ki karya azumin, ba ki da lafiya, Allah Ya yafe miki."

"Rana ba ta faɗi ba."

"Asama'u, ni mijinki na ce ki karya."

"Rana," ta ce, "ba ta faɗi ba."

Na dubi Oumarou. Na dubi ƙofar siton, inda rana ke dukan kwantenoni har ido ba ya iya kallo. Shekara ashirin da tara muna tare ban taɓa yi mata ƙarya a kan abin da ya shafi ibada ba. Na sassauta murya na yi yadda nake yi in na dawo daga masallaci da Ramadan.

"Hajiya, an kira magariba fa. Ba ki ji ba? Kowa ya sha ruwa, ke kaɗai muke jira."



"Da wuri haka?"

"Yau da wuri aka kira. Bismillah."

Na ji ta fara addu'ar buɗa baki. Ta kai tsakiya ta tsaya. Kamila ta ce, "Ta buɗe, Baba, ta sha, ta sha rabi." Sai kuma ta ce, "Umma? Umma!" Sai ta ce idonta ya rufe.

"Kada ki ƙara zuba mata komai, zai sarƙe ta. Kwantar da ita a gefenta. Ki lakato zumar da yatsa ki shafa a cikin kumatunta, kaɗan kaɗan." Haka likita ya koya wa Asama'u ta yi mini in na faɗi. Ita ta riƙe, ni ina gefe ina wasa da waya. Ban san na ji ba sai yau.

Na ji muryar namiji yana magana da wani yare, Kamila tana amsa masa da Turanci. Ta dawo ta ce mai babur ɗin yana kan waya da mutanen asibiti, suna tambayar sunan maganin da ƙarfinsa. Ta ce ta duba ledar, babu komai sai rubutun ajami.

"Baba, menene sunansa?"

Shekara tara ina shan sa. Na san launin kwalinsa, fari da ratsin kore. In na je kemis a Al Rigga tsohon kati nake miƙawa a ba ni sabo. Ban san sunansa ba.

"Katin jiya," Oumarou ya ce. "Ina ka jefa?"

A bayan sito akwai babban ƙarfen shara inda muke zuba kwalaye, tsayinsa ya kai ƙirjina. Motar kwasa tana zuwa da sha biyu. Na ba Oumarou wayar na haura na faɗa ciki. Ƙarfen ya ƙona mini tafin hannu. Kwalayen takalma, kwalayen turare, kwalayen waya, ledoji, guntayen salatif da ke manne wa mutum a hannu. Duk ni na jefa su. Na tuna jiya kwalayen fitila muka yi da safe, shuɗaye, don haka katin na ƙarƙashinsu ko a tsakaninsu. Na dinga ɗiba ina watsowa waje. Direban babbar motar ya zo ya tsaya yana kallona, wani dattijo da furfura cikin shara har ƙirji, ya tambayi Oumarou ko zinariya ta faɗa. Da aka gaya masa, ya tuɓe takalmansa ya shigo.

Direban ne ya ga katin, ya manne a jikin wani salatif, ya lanƙwashe. Oumarou ya miƙe shi a gwiwarsa, ya ɗauki hoto ya tura, sannan ya karanta wa Kamila harafi ɗaya bayan ɗaya, da lambar da ke gefe. Ina tsaye cikin shara na ji jiniya daga nesa a cikin wayar, tana zuwa tana ɓacewa, tana zuwa tana ɓacewa, yadda hanyar ke juyawa.

"Sun iso, Baba. Zan kira ka."

Ta kashe.

Ɗigon ya zauna a kwana ta goma sha bakwai minti goma sha biyu. Daga nan ya juya ya fara gangarowa ta inda ya hau. Ya wuce ƙauyen da suka kwana bai tsaya ba. Ya bi wata hanya madaidaiciya ya shiga wani gari mai layin dogo, ya tsaya a kan wani babban gini.

Da azahar saƙon murya ya shigo. Kamila tana magana ƙasa ƙasa, ana jin takun mutane a bayanta.

"Baba, sun sa mata ruwan suga ta jijiya tun a mota. Ta buɗe ido. Ta kalle ni, amma ba ta kira sunana ba, kuma hannunta na dama ba ya riƙe nawa sosai. Likitar ta ce zai iya zama sugar ce kawai, wani lokaci haka take yi ta wuce. Amma jininta ya hau ƙwarai, za su ɗauki hoton kanta su gani. Ta ce zumar ta taimaka. Sun ce in kashe waya a ciki. Baba, ka yi haƙuri da na sa ta a jaka."

Na saurara sau huɗu. Na danna zan amsa, na ce Uwata kawai. Na goge. Na sake dannawa na ce mata ba laifinta ba ne, ta zauna kusa da uwarta, in ta farka ta gaya mata rana ba ta faɗi ba, ni na ce ta faɗi, ta rama azumin a kaina.

Mai siton ya ce in tafi gida. Na ce gara nan. A ɗakin akwai takalmanta na wanka a bakin ƙofa, ba zan iya zama da su ba. Oumarou ya kawo mini shinkafa a roba ya tsaya a kaina.

"Ci. Kai ma mai ciwo ne. Ka sha maganinka yau?"

Na sa hannu a aljihu na fito da ledar. Muka dube ta tare. Maganina yana can cikin jakar Asama'u a wata ƙasa da aka ce ba zan shiga ba. Oumarou ya karɓi tsohon katin ya ce zai je kemis ya dawo, kada in motsa.

An yi la'asar yanzu. A can ƙarfe biyu da rabi. Ɗigon yana kan ginin nan bai gusa ba, saƙona yana da alama ɗaya. Ban san abin da hoton ya nuna ba. Ban sani ba ko hannunta zai dawo, ko in ta sake buɗe ido za ta gane Kamila.